Ƴara Biyu A Jirgi Ɗaya

A cikin shekarar 2006 ne wata marubuciya ƴar ƙasar Amurka, mai suna Anne Tyler, ta fitar da wani littafin ƙagaggen labari wanda ta raɗa wa suna "Digging to America". Littafin yana magana ne bisa riƙon ƴaƴan wata ƙasa, da kuma wuyar da ke ga aure in shekaru sun ja.

Labarin ya soma ran 15 ga watan Agusta na 1997, a filin jirgin sama na birnin Baltimo. Gida biyu ne suka zo tarbon jarirai mata biyu waɗanda aka kawo musu daga Koriya ta Kudu. Mutanen gidan farko, su Brad da matarsa Bitsy, Amurkawa ne gaba da baya; sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, don haka suka taho da dangi tuli da na'urorin ɗaukar hoto. Na gida na biyu kuwa, Sami da Ziba, asalinsu mutanen Iran ne. Su uku kaɗai suka zo, da Maryam uwar Sami.

Daga nan ne marubuciyar ta nuna abin mamaki. Bitsy ta bar wa ɗiyarta sunanta na Koriya, wato Jin-Ho, tana kuma sa mata tufafin ƙasarsu don kada ta manta da asali. Ziba kuwa, wadda ta san zafin baƙunci, nan da nan ta maida sunan tata Susan. Ƴar gari na so a san ɗiyarta baƙuwa ce, baƙuwa na so tata ta zama ƴar gari. Wannan riƙo ya bambanta da na ƙasar Hausa, inda yaro yakan tashi hannun gwaggo ko kawu, ya san ubansa, ya san danginsa.

Amma nauyin labarin yana wuyan tsofaffi ne. Maryam ta bar Tehran tana amarya, mijinta ya rasu, ta yi fiye da shekara 30 a Amurka, duk da haka ba ta daina ganin kanta baƙuwa ba. Da Dave, uban Bitsy, ya rasa matarsa, sai shaƙuwa ta shiga tsakaninsu. Wata rana ya nemi aurenta gaban jama'a, har ya sa ƴaran nan suka goga mata dunƙulen sukari bisa kai, irin yadda ake yi a bukin auren Iran. Ta amsa, kashegari ta warware. Ba ƙin sa take ba. Tsoro take kada shi da danginsa, da yawan kirkinsu da hayaniyarsu, su haɗiye ɗan abin da ya rage mata na kanta.

Ba a nesa marubuciyar ta ɗebo wannan ba, gama mijinta, Taghi Modarressi, likita ne mutumin Iran, ya kuwa rasu a 1997.

Akwai dai abin da littafin bai tona ba. Tun bayan yaƙin Koriya, wanda aka tsagaita a 1953, yara wajen 200,000 aka fitar daga Koriya ta Kudu zuwa ƙasashen Turawa. A watan Maris na 2025 wani kwamitin bincike na ƙasar ya tabbatar an yi maguɗin takardu, an rubuta waɗansu yara marayu alhali iyayensu na da rai. Uwayen da suka haifi Jin-Ho da Susan ba su da murya a cikin labarin. Duk wanda ya karanta shi yau, lalle ya tuna da su.