Yadda ake gano man fetur a ruwan rijiya

A birnin Sakkwato, kamar sauran biranen arewacin Najeriya, gidajen mai na adana fetur da dizal ne a manyan tankunan da aka binne a ƙasa, yayin da gidaje da dama ke dogaro da rijiyoyin gargajiya da na burtsatse.

Idan tanki ya yi tsatsa ko bututu ya tsage, man kan shafe watanni yana tsiyaya ba tare da an ankara ba.

Da yake fetur bai kai ruwa nauyi ba, yakan ratsa ƙasa har ya tarar da ruwan da ke ƙarƙashinta, ya kwanta a samansa, wani ɓangare kuma ya narke a ciki.

Mafi haɗari cikin abin da ke narkewa shi ne sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha.

Yankin Sakkwato na kan dutsen yashi da na farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina domin yin siminti, kuma ruwa na ratsa su. Shimfiɗun yumɓu kan kare ruwa mai zurfi, don haka rijiyoyi marasa zurfi ne suka fi shiga haɗari.

Matakan bincike

Masu bincike kan fara da kwatanta yawan man da aka zuba a tanki da wanda aka sayar, sannan su gwada tankin ko yana yoyo.

Daga nan sai a huda ƙasa a wurare daban-daban, a ɗebi samfurinta daga zurfi iri-iri zuwa ɗakin gwaje-gwaje.

Akan kuma haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido aƙalla uku. Bambancin tsayin ruwa a cikinsu shi ke nuna inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya dosa, da kuma gidajen da gurɓacewar za ta riska.

Ana maimaita awon da rani da damina, domin ruwan sama kan ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya wanko man da ya maƙale a yashi.

Darasin Ogoni

Bincike mafi girma irin wannan a Najeriya shi ne wanda Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a yankin Ogoni na jihar Ribas, ta kuma fitar da rahotonsa a watan Agustan 2011.

An gwada samfuri fiye da 4,000, ciki har da ruwa daga rijiyoyin sa ido 142.

A Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun kamfanin mai na NNPC, an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan da ke ciyar da rijiyoyin jama'a. Benzin ɗin da ke cikin ruwan shansu ya ninka ƙa'idar lafiya fiye da sau 900.

Rahoton ya ce tsaftace yankin zai iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30.

Hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, ita ke da alhakin sa ido kan malalar mai a ƙasar.

Sai dai benzin kan wuce ƙa'ida tun kafin hanci ya ji warinsa. Don haka duk rijiyar da ta fara warin fetur, abin da ya kamata shi ne a daina shan ruwanta nan take, a kuma gwada rijiyoyin maƙwabta.