Ciwon Hanta Mai Kwanton Ɓauna a Jikin Masu Jinyar Sankara

Magungunan da ake ba mai sankara, musamman waɗanda ake kira kemo, aikinsu shi ne kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, amma da yake ɓargo, inda jiki ke samar da fararen ƙwayoyin jini masu tsaronsa, shi ma yana cikin sassa masu saurin hayayyafa, sai garkuwar majinyaci ta raunana a daidai lokacin da ya fi bukatarta. Wannan rauni ne ke ba bairos dama, wato ƙananan ƙwayoyin cuta da ba sa iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halittar mai rai, kuma sau da yawa mafi haɗarinsu ba baƙi ba ne, domin sun daɗe kwance a jikin majinyacin tun kafin sankarar ta bayyana.

Babban misali shi ne bairos ɗin ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya, sannan binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Galibinsu sun kamu ne lokacin haihuwa ko a ƙuruciya, kuma ba su san da shi ba, saboda cutar kan shafe shekaru ba tare da nuna alama ba.

Ko da garkuwar jiki ta danne wannan bairos, ƙwayar gadonsa tana nan a ɓoye a cikin ƙwayoyin hanta. Idan kemo ko magungunan dangin sitiyarod suka karya garkuwar, sai ya farka ya yawaita, sannan idan aka kammala magani garkuwar ta fara dawowa, sai ta afka wa ƙwayoyin hantar da suka kamu. Daga nan ne ake ganin shawara, wato rawayar ido da fata, hanta ta kumbura, wani lokaci ta gaza gaba ɗaya, har a tilasta wa likita dakatar da maganin sankarar da ya fara tasiri. Haɗarin ya fi tsanani ga masu limfoma, sankarar da ke kumbura kaluluwa, waɗanda ake ba rituximab, maganin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya wa gargaɗi mafi ƙarfi kan wannan matsala a 2013.

Hanyar kariya sananniya ce, kuma ba ta kai jinyar hantar da ta gaza tsada ba. A 2020 ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta ba da shawarar a gwada jinin duk wanda zai fara irin wannan magani, a duba HBsAg, wanda ke nuna cewa bairos ɗin yana nan, da anti-HBc, wanda ke nuna an taɓa kamuwa, da anti-HBs, wanda ke nuna garkuwa. Wanda aka samu yana cikin haɗari akan ba shi entecavir ko tenofovir tun kafin a fara kemo, ya ci gaba da sha har watanni bayan kammalawa, aƙalla shekara guda ga wanda aka ba rituximab.

Haka kuma bairos ɗin ƙarambau kan farka ya fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe guda na jiki, kuma acyclovir yana hana hakan ga waɗanda suka fi rauni. Allurar rigakafin da aka yi da mataccen bairos ba ta cutar da majinyaci, amma wadda ke ɗauke da rayayyen bairos ana kauce mata yayin kemo.

Wajibi ne asibitoci su sanya gwajin ciwon hanta cikin matakan farko na jinyar sankara, iyalai kuma su tabbatar majinyaci bai daina shan maganin kariya ba da zarar ya ji sauƙi, kuma idan idonsa ya yi rawaya a garzaya da shi wurin likitansa maimakon a fara ɗura masa jiƙe-jiƙen shawara, domin hantar da ke fama da bairos ba ta jure ƙarin nauyi.