Ko Ka Sani? Yadda Ƙasar Jos Ke Shiga Cikin Moton Jirgi Maras Matuƙi

Ko ka san cewa idan ƙaramin jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu ya faɗo, sau da yawa ba faɗuwar ce ke kashe motonsa ba? Mai jirgin ne ke ƙarasa shi da hannunsa. Ya rugo a guje, ya ɗaga shi, ya kakkaɓe, ya ga farfela ba ta karye ba, sai ya sake ba shi wuta don ya ga ko yana nan lafiya. Kafin ya ankara hayaƙi ya tashi, da warin ƙonanniyar roba. A Jos kuwa wannan gaggawa ta fi tsada, kuma dalilin yana cikin ƙasar da jirgin ya faɗa wa.

Bari mu fara da ƙirar moton. Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe fankar sama ya riga ya gane shi: naɗin wayar jan ƙarfe yana tsakiya ba ya motsi, ƙoƙon waje ne ke juyawa. A irin moton da masu wasan tsere da ɗaukar hoto suka fi ɗaurawa, tsakiyar tana da haƙora 12 da aka naɗe da waya, cikin ƙoƙon kuma an jera maganaɗisu 14. Lambar da ke jikinsa, misali 2207, tana nufin faɗin tsakiyar milimita 22 ne, tsayinta milimita 7. Ɗaya lambar mai ɗauke da KV ita ke faɗin yawan juyawa a minti ɗaya kan kowane bolt na wuta. Moto mai KV 2,400 da aka haɗa da cikakken batir mai bolt 16.8 zai iya haura juyi 40,000 a minti idan babu farfela a kansa. Ratar da ke tsakanin maganaɗisun da haƙoran kuwa ba ta kai rabin milimita ba. Ƙwayar yashi guda ta isa ta tsaya a wannan rata.

To, yashin tudun Jos ba kamar na ko'ina ba ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a nan, daga baya aka haɗa da kwalambait. Sun tafi sun bar kududdufai da tsibin ƙasar da aka wanke a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, wuraren da a yau mai neman hoto mai kyau daga sama ba ya iya ƙyalewa. A cikin wannan ƙasa akwai baƙin yashi mai nauyi, mai ɗauke da ma'adinan ƙarfe irin su maganatait da ilmanait. Masu tace kuza da kansu da injin maganaɗisu suke ware waɗannan daga kuzar. Maganaɗisun cikin moto kuma na sinadarin niyodimiyam ne, irin da aka ƙirƙiro a Japan da Amurka a farkon shekarun 1980, wanda har yau babu na kasuwa da ya fi shi ƙarfin ja. Da zarar moto ya taɓa irin wannan ƙasa, sai ya zuƙe baƙin yashin ciki, ya riƙe gam. Kakkaɓewa ba ta fitar da shi, hurawa da baki ma ɓata numfashi ne. (Abin dariya, monazait da ake samu a cikin tarkacen kuzar nan yana cikin duwatsun da duniya ke ciro niyodimiyam ɗin daga gare su.)

Idan aka ba irin wannan moto wuta, ɗayan biyu ne. Ko yashin ya kankare fentin da ya lulluɓe wayar, wayoyi su haɗu da juna. Ko ƙoƙon ya cije ya ƙi juyawa, wuta ta yi ta kwarara cikin naɗin har ya ƙone. Wani lokaci ya tafi da allon ESC, wato ɗan allon da ke sarrafa gudun moton, asara ta zama biyu.

Saboda haka aikin farko na hannu ne, ba na wuta ba. Cire batir. Idan ya kumbura ko ya loɓe, ajiye shi a waje kan ƙasa, nesa da ɗaki, domin batirin litiyam da ya ji rauni yana iya kamawa da wuta daga baya. Cire farfela duka huɗun, ba ta moton da kake zargi kaɗai ba; yatsun mutane da yawa sun koyi wannan darasi da jini. Sannan ka juya kowane ƙoƙo da yatsa. Lafiyayyen moto yana tafiya da ɗan tsalle-tsalle iri ɗaya, wannan jan maganaɗisu ne, ba ciwo ba. Idan ka ji ƙaras-ƙaras, yashi ne ko boris. Idan yana cijewa a wuri guda a kowane zagaye, ƙoƙon ya loɓe ko maganaɗisu ɗaya ya ɓalle daga gamsa. Idan kuma ka duba daga gefe ka ga bakin ƙoƙon yana rawa sama da ƙasa, sandar tsakiya ta lanƙwashe. Lafiyayyun motoci ukun da suka rage su ne ma'auninka, ka riƙa kwatantawa da su.

Buɗe moton ba wuya. A ƙasan sandar akwai ɗan sukuru, ko ɗan zoben ƙarfe mai siffar C. Zoben nan shu'umi ne, yana tsalle ya ɓace, don haka gwanaye a cikin farar leda suke cire shi. Ja ƙoƙon sama a miƙe. Yashin da ke kan maganaɗisu da salatif ake ɗebe shi, a manna a ɗaga, a manna a ɗaga, har sai ya fito fes. Naɗin waya kuma a goge da tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit. Kada allura ko bakin sukudireba su kusanci wayar. Boris biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wanda ya fara kuka canza shi ake yi, mai ba ya warkar da shi. Maganaɗisun da ya zame ana mai da shi da ɗigon gam mai ƙarfi, da fuskar da yake da ita tun farko, domin jere suke kudu da arewa bi da bi. Sanda ko ƙoƙon da ya lanƙwashe kuwa, a ganina kada a wahalar da kai wajen miƙewa da guduma. A irin wannan gudu, karkatar da ido bai gani ba ma tana girgiza jirgi, ta ɓata hoto, ta rikita na'urar daidaito.

Yanzu sai hanci da mitar auna wuta. Naɗin da ya ƙone yana baƙi, kuma warinsa ba ya ɓuya. Wayoyin moton uku ne. A raba su da allon, a auna su bibbiyu, sau uku. Adadin ƙanƙane ne, ƙasa da om ɗaya, abin nema dai shi ne ukun su zo daidai. Sannan a ɗora tsinken mita ɗaya kan waya, ɗaya kan gindin moton. Idan ta yi ƙara, wuta na zurarewa. Mai laifin a nan sau da yawa sukurun da ke riƙe moton ne: ya yi tsawo, ko faɗuwar ta tura shi har ya taɓo naɗin. Duk mai gyaran waya a Ahmadu Bello Way ko wajen Taminus yana da mita da hannun da zai yi wannan awo cikin minti biyar, ko da bai taɓa riƙe jirgi ba.

Idan moto yana kakkarwa ya ƙi zagayawa, alama ce ɗaya daga cikin layukan uku ya yanke, amma ba lalle a cikin moton ba. Ɗauko lafiyayyen moto ka haɗa a gurbinsa. Ciwon ya tafi, moton ne. Ciwon ya zauna, ESC ne.

Naɗin da ya ƙone ana iya sake naɗa shi, kuma masu naɗin koyil na fanka da injin ruwa sun san ka'idar: a ƙirga zagaye, a kiyaye kaurin waya da ɓangaren da aka naɗa. Sai dai haƙoran ƙanana ne ƙwarai, kuma zafin da ya ƙona waya yakan raunana maganaɗisu, domin na gama-gari yana fara rasa ƙarfi daga wajen digiri 80. Sau da yawa sabon moto ya fi sauƙi, amma ya zama lambarsa da KV ɗinsa ɗaya da sauran. Ƙananan jiragen yara masu moto mai waya biyu kuwa ba a ma buɗe su, canzawa kawai ake yi.

Wajen mayar da wayoyi dalma za ta yi aiki, kuma mai kyau kashi 63 cikin ɗari kuza ce, tana narkewa a digiri 183. Haɗi mai kyau yana sheƙi. Wanda ya yi dushi-dushi kamar dunƙule zai saki a sama. Idan moton ya juya baibai, a musanya kowaɗanne wayoyi biyu cikin ukun, ko a gyara a manhajar Betaflight. Cikin motocin huɗu, biyu suna bin agogo, biyu suna saɓa masa, kowanne da farfelarsa.

Akwai kuma abin da ba laifin gyara ba ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ta fi ta Legas sirantaka da kamar kashi 11 cikin ɗari, don haka dole farfela ta ƙara gudu da wajen kashi 6 kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Ga sanyin Disamba da Janairu da ke sa batir kasala. Wanda ya saba tashin jirginsa a bakin teku zai ji ya yi nauyi a duwatsun Shere, ya ɗauka laifin moto ne.

Gwajin farko a kan tebur ake yi, babu farfela, moto ɗaya bayan ɗaya a hankali, kunne na saurare. Na biyu a fili, tashi kaɗan na rabin minti, a sauko a taɓa kowane moto da yatsa. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi bai warke ba. Filin kuma a zaɓe shi nesa da filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang da barikin soja na Rukuba, domin tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tayar da irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba.