Halin 'Ya'yan Zomon Gida

Mai kiwon zomo, kada ka ce uwa ta yashe 'ya'yanta domin ba ka gan ta a kansu ba. Al'adarta ke nan: sau ɗaya ko biyu take ba su mama a kwana, yawanci da dare. Ka duba su da safe. Kadan cikinsu ya cika, jikinsu da ɗumi, ka ƙyale su. Waɗansu sukan ɗura musu madarar shanu don tausayi, wannan kuwa yakan hallaka su.

Idanunsu sukan buɗe wajen kwana 10. In sun tasa suna tsalle suna murɗa jiki, lafiya ce. Cin kashinsu mai taushi ma ba cuta ba ne, yana gyara musu ciki. Amma wanda ya takure, ya ƙi ci, ko yana zawo, a kira malamin dabbobi nan da nan.