ZAFIN BAZARA DA GUMIN DAMANA: KOWANE YANKI DA DABARARSA



A wata bazara, cikin watan Mayu, na je rangadi wani ƙauye kudu da Tasawa. Wajen ƙarfe ɗaya na rana aka ɗauko wani saurayi daga gona a kan amalanke. Tun asuba yake sassabe yana ƙona kara, da ƴar butar ruwa guda. Jikinsa ya yi zafi kamar tukunya, yana magana ba kan gado. Wasu suka ce iskoki ne, aka fara neman turare. Wata tsohuwa ce ta ce a tuɓe masa riga a kwarara masa ruwan randa. Aka yi haka, ana yi masa fifita har muka kai shi gidan likita. Ya rayu. Likita ya ce da an ƙara awa guda ana hayaƙi a ɗaki, da wani labarin ake yi.

Saboda wannan ne na ga ya kamata mu zauna mu yi zancen zafi. Mun saba da shi tun muna yara, shi ya sa muke raina shi. Amma zafi yana kisa, kuma yana ƙaruwa. A ranar 3 ga Afirilu 2024, cikin azumi, ma'aunin zafi ya kai digire 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma mutane da yawa sun rasu a wannan mako, yawanci tsofaffi.

ZAFI IRI BIYU NE

Jikin mai lafiya yana tsayawa a digire 37. In ya fara ɗumama, sai ya fitar da zufa. To, ku lura da kyau: ba fitar zufa ke sanyaya jiki ba, bushewarta ce. Ku dubi randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Haka fatar mutum take aiki.

A ƙasarmu iska biyu ke karɓa-karɓa. Ta farko tana zuwa daga arewa maso gabas, daga hamada, busasshiya ƙayau. Ta biyu tana zuwa daga kudu maso yamma, daga teku, ɗauke da laima. Ita ce mai jawo hadari. Iskar teku tana fara isa Gaya, sannan ta hau Maraɗi da Magarya, sannan Tawa da Tanut, ba ta kai Agadas sosai sai tsakiyar damana.

A Maris da Afirilu iska busasshiya ce. Zufa tana bushewa tun ba ka gan ta ba. Inuwa tana da amfani, randa tana sanyi. Hatsarin wannan lokaci shi ne ruwan jiki ya ƙare ba ka sani ba, don rigarka ba ta jiƙe ba.

Daga Mayu, in iskar teku ta shigo amma ruwa bai sauka ba, sai gumi ya zo. Iska ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta iya shan zufarka. Kana jiƙe sharkaf amma jiki bai huce ba. Dare ma ba ya sanyi, barci ya gagara, ka wayi gari da gajiyar jiya. Shi ya sa digire 38 da gumi ya fi wahalar da mutum bisa digire 42 a busasshiyar iska. Irin wannan gumi yana komowa a agazari, wajen ƙarshen Satumba da Oktoba, daidai lokacin girbi.

AREWA: AGADAS, ABALAK, TANUT, BILMA

A nan ruwan sama kaɗan ne. Agadas ba ta cika wuce milimetir 150 a shekara ba, Bilma kuwa ko 20 da wuya. Zafi ya fi tsanani a Mayu da Yuni, rana takan wuce digire 42, amma iska busasshiya ce.

Ku dubi yadda Buzaye suke yi. Suna rufe jiki duka da tufafi masu faɗi, su naɗa rawani su rufe baki da hanci. Ba ado kaɗai ba ne. Tufa mai faɗi tana tare rana, iska tana yawo a ciki, zufa ba ta ƙarewa da sauri. Wanda ya tuɓe riga a ranar arewa ya ƙara wa kansa ƙishirwa. Tafiya kuma da sassafe ake yi, ko da yamma da dare. Ayarin gishiri ma ba ya kama hanyar Bilma sai lokacin sanyi.

Dabarun da ke aiki a nan duk na jiƙawa ne: salka a rataye inda iska ke bugawa, jarka a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, jiƙaƙƙen zane a ƙofar ɗaki. Ƴan cirani da masu zuwa haƙar zinariya daga kudu, ku ne kuka fi shiga hatsari, don jikinku bai saba ba. Jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da sabon zafi. Kada ku fara da aiki mai nauyi ranar da kuka sauka.

TSAKIYA: TAWA, MADAWA, MARAƊI, DAMAGARAM, YAMAI

Mu nan muna shan iri biyun a jere. A Yamai, zafin rana a Afirilu yana kai digire 41 a kan tsaka-tsaki, wasu ranaku ya haura 45. Sai Mayu da Yuni su kawo gumi, daidai lokacin da aikin gona ke tashi: sassabe, kai taki, binne, shuka, noman fari. Kuma lokacin ne rumbu ya yi ƙasa. Aiki mai yawa, abinci kaɗan, barci kaɗan: nan ne zafi ke samun mutum.

Saboda haka a raba yini biyu. A fita tun asuba, a ajiye hauya wajen ƙarfe 11, a komo bayan la'asar. Wanda ya ɗauki ƴan barema ko ya kira gayya, nauyin ruwa da inuwa yana wuyansa.

Maganar inuwa kuwa, babu kamar itace. Gawo yana zubar da ganye da damana, ya fitar da shi da rani: yana ba bisashe inuwa lokacin da suke bukata, ba ya tare wa hatsi rana. A kwarin Majiya, tun 1975 aka fara dasa layukan bedi don tare iska. A jihar Maraɗi, tun wajen 1984 manoma suka kama sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi. Gonar da ke da itace, mai ita yana da wurin hutawa, ƙasarta kuma ba ta ƙuna kamar fili.

KUDU: GAYA, BAKIN KOGI, FADAMU DA KORAMU

Gaya tana samun kusan milimetir 800 a shekara, kuma laima tana riga zuwa can. Haka masu noman shinkafa a bakin kogin Kwara, da masu rake a koramun Matamai da Magarya. A nan jiƙaƙƙen zane a ƙofa ba ya amfani da damana, sai ma ya ƙara gumi. Abin da ake bukata iska ce mai motsi. A buɗe taga biyu masu kallon juna. A sa riga mara nauyi ta auduga, a bar ta leda mai manne wa jiki. A yi wanka sau biyu ko uku, a tsane jikin yara da kyau don ƙurajen zufa.

In an kwana waje, a kwana cikin gidan sauro. Gumi da sauro tare suke zuwa. Yaron da jikinsa ya yi zafi da damana, kada a ce rana ce kawai: a kai shi a yi masa awon zazzaɓin cizon sauro.

RUWAN SHA

Mai aiki a rana yana iya zubar da litir guda na zufa cikin awa ɗaya. Buta guda ba ta isa yini. Kada ka jira ƙishirwa. Ka sha moɗa guda duk bayan minti 20 in kana aiki. Ma'auninka fitsarinka ne: in ya yi kaɗan, ya yi ja kamar shayi, ruwa ya gaza.

Zufa tana fita da gishiri. Fura da nono, kunu, da abinci mai miya suna mayar da shi. In mutum ya galabaita ko yana zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na cikin ƙunshi da ake samu gidan likita. In babu, ga yadda ake haɗawa: litir ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri bisa haka.

Shayi ba ya maye gurbin ruwa. Tramol kuwa, da wasu samari ke sha wai don ƙarfin noma, yana ɓoye gajiya ne kawai. Jiki yana ƙuna, mai shi bai ji ba, sai ya faɗi.

Jariri da bai cika wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko da bazara. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta riƙa ba shi nono akai-akai. In tana goye a rana, ta riƙa sauke shi a inuwa. Tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba. A kai musu ruwa, kada a jira su tambaya. Masu ciki, da masu hawan jini ko ciwon sukari, su ma a sa musu ido. In azumi ya faɗo cikin zafi, a gama aiki mai nauyi da hantsi, mara lafiya kuma ya nemi shawarar likita da ta malami.

IN MUTUM YA FAƊI

Alamun farko: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. A wannan mataki inuwa da ruwa da hutu sun isa. Kada ya koma aiki ran nan.

In kuwa hankalinsa ya gushe, yana sambatu, yana tangaɗi, ko ya suma, to jiki ya haura digire 40, rai yana cikin hatsari. Ga abin yi:

1. A kai shi inuwa, a tuɓe masa tufafi.
2. A kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki duka, a yi ta fifita ba tsayawa.
3. In ya suma, a kwantar da shi a gefe guda. Kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe.
4. A kai shi gidan likita ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.

Ƙwayar zazzaɓi ba ta sauke irin wannan zafi. Kuma ku tuna bazara lokacin sanƙarau ne: zafin jiki da sanƙarewar wuya, a garzaya likita nan take.

BISASHE DA KAJI

Babbar saniya tana shan litir 30 zuwa 40 a yini da bazara, tunkiya ko akuya wajen litir 4 zuwa 5. Shanun huɗa su yi aiki da safe, kada su wuce awa 4 ko 5. Jakin amalanke a kwance masa kaya da tsakar rana. Kaza ba ta zufa. In ka ga ta buɗe baki ta saki fukafukai, zafi ya kama ta. A sa kaskon ruwa a inuwa, a buɗe akurki iska ta ratsa.

GONA, RUMBU DA ƊAKI

Da tsakar rana fuskar rairayi tana wuce digire 50, wani lokaci ta kai 60. Wannan ke ƙone hatsin da ya tsiro bayan ɗan yayyafi. Ku jira ruwan da ya kai milimetir 20, wanda laimarsa ta shiga ƙasa kamar taƙi guda, kafin ku fitar da irinku mai kyau. Karan da aka bari a shimfiɗe a gona yana rage zafin ƙasa, yana kuma tare rairayi. Ƙona shi hasara ce.

Masu lambu, ku yi ban ruwa da sassafe ko da yamma. Kada a fesa maganin ƙwari da tsakar rana: fata mai zufa ta fi shan guba.

Tumatir da ganye suna daɗewa in an sa ƙaramar tukunya cikin babba, aka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, aka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wani malamin makaranta na jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara, har ya sami lambar yabo a 2000. Da rani take aiki. In laima ta shigo, ƙarfinta ya ragu.

Laima kuma ita ce abokiyar gabar ajiya. Gujiya da masara da ba su bushe sosai ba suna yin fumfuna mai guba da ke lalata hanta. A shanya a kan tabarma ko rumfa, ba a ƙasa ba. Albasa a rudu tana son inuwa da iska.

Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na kwano sanyi da rana. Wanda ya riga ya sa kwano, ya yi masa rufi daga ciki da zana ko tabarma, ko ya shafa masa farin fenti, ya dasa bedi ta yamma da ɗakin.

Hausawa sun ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Kafin ruwan ya sauka, mu riƙe abu uku: ruwa a kusa, inuwa da tsakar rana, ido a kan tsoho da yaro. Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa maƙwabcinsa a majalisa. Mai tambaya ya aiko gidan rediyo, ko ya tare malamin gona na yankinsa ranar kasuwa.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Amin.