Yada zango a bakin ruwa: Abin da Kazaure ke da shi da abin da ya rage mata

A Amurka akwai wata irin mota da iyalai ke fita hutu da ita, wadda aka ƙera kamar ƙaramin gida: da gadaje, da wurin girki, da banɗaki, da tankin ruwa. Can suna kiran ta RV. Idan an samu hutu, sai magidanci ya ɗebi iyalinsa su nufi wani gandun shaƙatawa na gwamnatin jiha, su biya kuɗin fili, su yi kwana biyu ko uku a bakin tafki. Ɗaya daga cikin tsofaffin irin waɗannan wurare shi ne gandun Itasca na Jihar Minesota, wanda aka kafa a 1891 a gefen tafkin da kogin Misisifi ya samo asali.

Motar ce ke ɗaukar ido, amma tanadin da aka yi a wurin ne ke riƙe da harkar. Kowane baƙo yana da filinsa mai lamba. A yawancin wuraren akwai famfo, da inda ake jona lantarki, da wurin da aka keɓe don juye ƙazantar banɗakin mota, domin kada ta gangara cikin tafki. Akwai kuma ma'aikata masu lura da shiga da fita da kashe wutar girki.

Wannan tsari ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba sa sauka inda suka ga dama. Madugu ne ke zaɓen zango inda akwai ruwa da kiwo da aminci, mutanen gari kuma su kawo abinci su sayar. Daga irin wannan sauka ne aka samu unguwannin Zango na Kumasi da Akara.

Ta fuskar wuri, Kazaure ba ta da abin nema. Garin, wanda Ɗan Tunku ya mayar hedikwatar masarautarsa a 1819, yana zaune ne a tsakanin duwatsu, ga madatsar ruwa a gefensa, kuma yana kan babbar hanyar Kano zuwa Daura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan sama ya ɗauke, zafi bai shigo ba, sauro ya ragu. Baƙon yini abin da zai kashe bai wuce na ruwan sha ba, amma wanda ya kwana zai sayi kifi da itace da abin karin kumallo, ya kuma biya mai kwale-kwale. Ba sai an jira mota mai tsada ba: tanti, ko bas da aka shimfiɗa wa katifa, ya wadatar.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya son ganganci. Abu na farko shi ne rai. Madatsa tana da zurfin da ido ba ya gani, don haka wajibi ne a shata wurin da aka yarda a shiga, a samar da rigar ruwa ga duk mai hawa kwale-kwale, a kuma sa masunta da suka san wurin su yi gadi. Na biyu shi ne lafiya. Tsargiya tana yaɗuwa ta ƙananan dodon koɗi da ke rayuwa a ruwa mai kwanciya, kuma fitsarin mai cutar ne ke mayar da ƙwayayenta cikin ruwa. Saboda haka banɗaki nesa da gaɓa ya riga komai muhimmanci. Na uku shi ne haƙƙin waɗanda suka riga kowa zuwa: masunta, da manoman rani, da makiyaya masu shayar da dabbobi. Zangon da zai toshe musu mashaya ko burtali ba zai daɗe ba. Na huɗu shi ne tsaro, domin babu mai kai iyalinsa kwana inda bai amince ba.

Akwai darasi a maƙwabta. Gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar Tiga a 1974, aka kuma gina manyan otal-otal a Tiga da Bagauda don masu yawon buɗe ido. Na Bagauda yanzu ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Babban gini yana cin kuɗin kulawa ko da baƙo ko babu. Fili mai shinge da famfo da banɗaki da mai gadi kuwa, ƙaramar hukuma da masarauta za su iya riƙe shi da kuɗin shiga, in har masunta da manoman wurin suna da rabo a ciki.