Damagaram: garin ƙishirwa da ruwa ke rusawa

Ranar Talata 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya kwanta ƙasa bayan an sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ginin ƙasa ne da aka ɗaga tun tsakiyar ƙarni na 19. Ya ga sarakuna, ya ga zuwan Nasara da tafiyarsu, ya ga farin 1973 da na 1984, sai ga shi damina guda ta gama da shi. A wannan shekarar hukumomin ƙasa sun ƙidaya mutum kusan 400 da ambaliya ta kashe a faɗin Nijar, da fiye da miliyan ɗaya da rabi da ta shafa, har aka ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, domin azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe.

Abin da zai ɗaure wa baƙo kai shi ne, garin da ruwa ya yi wa wannan ɓarna gari ne da aka sani da ƙishirwa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram suka mai da ita Yamai a 1926. Ruwan pampo kuwa daga nesa ake jawo shi: daga Gogo da Macaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa. Dalilin ƙishirwar da dalilin ambaliyar ɗaya ne. Garin a kan dutse yake zaune, irin duwatsun nan da ke tsaye a tsakiyar Birni, kuma dutse ba ya shan ruwa balle ya ajiye shi. Ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba, amma mafi yawansa a watannin Yuli da Agusta yake zubowa, wani lokaci cikin sa'o'i ƙalilan. Abin da ƙasa ta ƙi sha dole ya nemi hanya, hanyar kuwa ita ce titi, da lungu, da zauren talaka.

Mutanen da sun san haka. Ƙasar da aka gina ganuwar zamanin Sarki Tanimun da gidajen Birni da Zango, haƙo ta aka yi daga ramuka a cikin gari da kewayensa, ramukan nan kuma su ne suka zama kududdufai masu karɓar ruwan unguwa. Abin da ya fi ƙarfinsu sai ya gangara manyan tabkuna irin su Kanya da Mela Duwaram. Babu injiniya, babu takardar bije, amma kowane ruwa yana da masauki, kuma ba wanda zai yi gangancin kafa ɗaki a kan hanyarsa, don mai unguwa ba zai bari ba.

Daga nan sai gari ya buɗe. Ƙidayar 1988 ta sami mutum kimanin 120,000 a Damagaram. Ta 2012, in an haɗa da ƙauyukan da ke ƙarƙashin birnin, ta haura 320,000. Kowane magidanci yana son fili, kowane fili zai sami ɗaki, kowane ɗaki kwano, kwano kuwa ba ya riƙe ɗigo ko ɗaya. Kududdufai suka cika da shara da leda, wasu aka cike su da gangan aka yi gini a kai. Gonakin bayan gari da a da suke tsotse ruwa suka koma unguwanni.

A nan ne maganar ta koma ta kuɗi, kuma a nan ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su kasa kunne, tunda da aljihunsu ake magana. Me ma'aikatar magajin gari, wato meriya, take samu? Tikitin kasuwa da na tasha, harajin da ake ɗora wa kowane baligi, wanda karɓarsa kan zama kamar tatsar sa, da kason da baitulmalin ƙasa ke mayar mata daga wasu haraji, in ya zo a kan lokaci. Daga ciki za a biya albashi, a zuba wa motoci mai, a kwashe shara. Kuɗi masu kauri da kan shigo hannun meriya a dunƙule, a Damagaram kamar a sauran biranen ƙasar, su ne na yanka filaye da sayar da su. Ita kanta gwamnatin ƙasa ta bi wannan hanya a farkon shekarun 2000, lokacin da ta biya ma'aikata wani sashe na bashin albashinsu da filaye. Ma'aikata da dama ba su manta ba, domin wasu a kan waɗannan filayen suke kwana. To, hukumar da ke rayuwa da sayar da ƙasa, da wuya ta dubi kwari mai faɗi ta ce a bar wa ruwa. Ana yanka fili a kafa turaku tun ba a haƙa magudanar ruwa ko ɗaya ba, kuɗin su shige cikin hidimar yau da kullum, bayan shekara goma mai gida ya zo yana neman kanibo a wurin wanda ya riga ya cinye kuɗin kanibon.

Ba dokoki aka rasa ba. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Yuli na 2004. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin ta riƙa tallafa musu da kuɗi. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na watan Satumba na 2010 ya ɗora musu tsabtar gari da kula da magudanan ruwa, a lokacin ne kuma Damagaram ta zama birni mai matsayi na musamman da gundumomi biyar. A 2016 gwamnati ta ce ta miƙa musu ilimi, da lafiya, da ruwa, da muhalli. Kaya dai an ɗora wa jaki. Harawar ce ba ta biyo baya yadda ya kamata ba.

Saboda haka manyan ayyuka sai dai su zo daga sama ko daga waje. Bikin 18 ga Disamba mai zagaya jahohi ya sauka a Damagaram a 2006, ya sake sauka a 2018 da shirin Zinder Saboua, aka shimfiɗa kwalta, aka yi gine-gine. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 250 domin shirin PIDUREM na kare birane daga ambaliya, Damagaram na cikin waɗanda aka zaɓa, da alkawarin manyan magudanai da titunan da ke janye ruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 bankin ya dakatar da sakin kuɗi, sai a 2024 ya dawo. Girgije kuwa bai san an dakatar da komi ba. Ba wanda zai raina waɗannan ayyuka, domin babu meriyar da za ta iya gina babban kanibo na kilomita da dama da tikitin Kasuwar Dole. Sai dai mai ba da tallafi yana gini ne ya yanke kyalle ya tafi. Yashe rairayi da leda kowace shekara kafin ruwan farko, da gyaran murfin da ya karye, da hana mai shago toshe magudana da siminti don ya faɗaɗa rumfarsa, duk na meriya ne, kuma su ne layin da ake fara sokewa in bije ya yi ƙaranci. Kanibon da ya cika da rairayi ya fi babu muni, don yana tara ruwa wuri ɗaya ya juye shi a gidan da ke ƙasa.

Rairayin nan ma ba a cikin gari aka haife shi ba. Daga tuddai da gonakin da suka rasa itace yake gangarowa, wasunsu a ƙasar wasu ƙananan hukumomi da ba su da abin da za su ci in Damagaram ta tsira. Maganin a sama yake: gina rabin-wata, da jera duwatsu a kan gangare, da barin itatuwa su tofo. Manoman Mirya da Magarya da Matamai sun nuna wa duniya yadda ake yi, tun da suka shiga barin gawo yana tashi a gonakinsu daga tsakiyar shekarun 1980. Doka ta yarda ƙananan hukumomi su haɗa kai su yi asusu guda a kan irin wannan aiki, amma magajin garin da zai fid da kuɗin mutanensa ya kashe a gonar maƙwabta, sai ya shirya amsa tambayoyi.

A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi, suka naɗa kantomomi a madadinsu. Masu goyon baya suka ce ƴan siyasa ne suka yi ta rabon filaye tsakaninsu, gara a kawo mai horo. Masu suka suka ce ko ba komi, kansila yana da ƙofar gida da ake iya bugawa in ruwa ya shiga ɗaki, kuma zaman amincewa da bije zama ne da kowa ke da ikon halarta. Wata huɗu bayan haka, a cikin Agusta, gwamnati ta ware sefa miliyar 12 domin agajin waɗanda ambaliya ta shafa a duk ƙasar: hatsi, da tabarmi, da barguna, da gidajen sauro. Kuɗin sun fito cikin ƴan makonni, saboda gawa da rusasshen gida kowa yana ganinsu. Na yashe kanibo a watan Mayu, lokacin da rana ke dukan ƙeya kuma ƴan garuwa ke layi a bakin pampo, su ne har abada ake cewa a jira zama na gaba.